Kalmar da Mama Ta Ƙi Faɗa

Bayan mun binne ƙanena, ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, shiru. An harbe shi ne a hanyar gonarmu ta citta, ni kuma na dawo Kafanchan daga wurin aiki na zauna da Mama wata guda. Matan zumuntar coci suna shigowa da kwanukan abinci, suna waƙa, ni ina gefe da kwamfuta a cinya.

Dā ƙanena ne mai kunna wa Mama talabijin. Idonta ya yi rauni, ga rimot har uku: na talabijin, na dikoda, na sifika. In ta danna ɗaya sai hoto ya tafi ya bar murya. Ranar da na same ta zaune gaban baƙin gilashi tun safe, tana jiran wani ya shigo, na ce a'a, wannan kam ba zai yiwu ba.

Rubuta manhaja ne sana'ata, shi kaɗai na iya. Na haɗa 'yar na'ura da makirfo, na kwafi siginar kowane rimot, na rubuta umarni yadda in ta yi magana duka ukun za su bi. Kwana tara ina kai. Ko ɗanɗanon abinci ba na ji. Fasto ya ce, "'Yata, ki huta mana." Na ce to, na ci gaba.

Saura in koya wa na'urar muryarta, don Hausar Mama da karin yarenmu take fita. Kalma biyu kawai, kowacce sau ashirin.

"Mama, ki ce kunna."

Ta faɗa sau ashirin cif, har da tsokana: "Wai ni ce 'yar firamare yanzu?"

"Saura ɗaya. Ki ce kashe."

Wallahi ban ji abin da na faɗa ba. A wurina layi ne a cikin manhaja. Ta dubi makirfon, ta gyara ɗankwali.

"Mama, sau ashirin ne kawai."

"Ba zan ce ba," in ji ta. "Ai sun riga sun yi."

Na zauna ina kallon allo. Da na so, da na sa wata kalmar, aikin minti biyu ne. Na goge layin, na rufe kwamfutar.

Har yau talabijin ɗin Mama ba ya mutuwa sai an ɗauke wuta.