Giɓin Yaya a Bakin Takobi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, sha ɗaya ga watan nan, mijinki ya kira ofis ya ce kin cika. Ni na ɗauki wayar, Yaya, kuma takobin da kika tafi asibiti kina faɗa a kansa yana buɗe a kwamfutar da ke gabana.

Ke ce shugabar masu zane a ɗan kamfaninmu na wasannin kwamfuta, duk ofis Yaya muke kiran ki, ke kika ƙirƙiro takobin da masu buga wasanmu suke kira Mai Giɓi. A labarin wasan, wata maƙeriya ce ta ƙera shi da sakatar ƙofar garinsu bayan an ƙone garin. Ba ya saran wanda ya yar da makaminsa. Kowane jarumi yakan miƙa shi ga na bayansa, sai takobin ya fito a kashi na gaba na wasan da sabon giɓi a kaifinsa. Masu wasa sun sha musu kan dodon da ya yi kowane giɓi. Mu a ofis mun san ba dodo ba ne. Wanda aka yi wa rasuwa a cikinmu shi yake zana giɓin da hannunsa. Na farko naki ne, na mahaifiyarki.

Na uku nawa ne. Da na dawo aiki bayan rasuwar babana, ba ki dame ni da dogon jawabi ba. Kin ja mini kujerarki, wadda ko manaja ba ya zama a kai, kika sa mini alƙalamin zane a hannu. Na ja layin, giɓin ya karkace. Na kai yatsa zan goge, kika buge shi.

"Bar shi. Haka hannunka yake yau."

Kina da faɗa, ba zan ɓoye ba, mun sha zana itace guda sau ba adadi saboda ganyensa bai yi miki ba. Amma wannan karkataccen layin ba ki bari kowa ya taɓa ba.

Sai aka kawo sabon manaja. Ya ce a kashi na biyar takobi zai fito sumul yana walƙiya, wai mai giɓi ba ya jan ido a talla. Ba mugu ba ne, kasuwa yake dubawa, kuma shi ke da ikon yanke magana. Kika ce a bari ki dawo daga asibiti. Aka sa taro ranar Litinin. Ba ki kai Litinin ba.

Ba a ɗaga taron ba. Mun shiga jiki a sanyaye, sabon takobin yana haske a babban allo, giɓin mahaifiyarki da na babana duk an share. Tsoro nake ji, don ke kaɗai ke iya ja da manaja. Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yarki ce, ta zo ɗaukar tabaranki da kofin shayinki. Ta dubi allon, ta dube mu.

"Ina wuni. Mama ta ce idan ta rasu ni zan zana giɓinta. A ina zan zauna?"

Manaja ya dube ni, na faɗa masa abin da kowane giɓi yake nufi. Sannan ya ce a dawo da tsohon takobin, ya ja mata kujerarki da kansa.

Giɓinki ya fi sauran zurfi, Yaya, ya kuma karkace fiye da nawa. Babu wanda ya goge.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki da 'yarki da dukan dangi. Allah Ya ba su haƙurin rashinki, mu ma da kika bari a ofis Ya ba mu.