Ƙarar da Aka Kashe a Kan Tabarma

Shekara ashirin ke nan da aka kai Yaya Sahabi makwancinsa a Yelwa, kuma har yau in na ji ana yabon haƙurinsa sai raina ya ɓaci. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, na san halinsa. Yana da haƙuri da yara, yana da haƙuri da surutun Inna, amma ba ya iya haɗiye ganin lauya ya ci amanar wanda ya ɗauke shi aiki.

Lokacin da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, lauyoyin jihar ba su taka kara sun karya ba, kowa ya san kowa. Makaranta ɗaya suka yi, sunan 'ya'yan juna suke zuwa. Sai reshen ƙungiyarsu ya sa Yaya, wanda shi ma lauya ne, cikin kwamitin da ke duba koke-koken jama'a a kan lauyoyi. Ya sha yi mini bayani cewa su ba sa tuɓe wa kowa rigar lauya. Nasu shi ne su saurari mai ƙara, su saurari lauyan, in sun ga akwai abin dubawa su tura sama inda ake hukunci. Sharaɗin dai mai ƙara ya zo da ƙafarsa ya tsaya a kan maganarsa. Yaya ya ɗauki aikin da zafi. Ni kuwa na ce masa an ba shi ne don a rufe masa baki.

Sai ga maganar Malam Ɗantani, dattijon wata tungar masunta a bayan Wara. Suna da fadama a bakin tafki, wadda in ruwa ya janye take fitowa su shuka shinkafa da albasa. Ita ke riƙe su in kifi ya yi wuya. Wani attajiri ya ce tasa ce. Suka ɗauki lauya, wanda ba zan kama sunansa ba, suka zazzage masa cikinsu: tsofaffin da suka san iyaka sun rasu, mai shaidar da ya rage kuma idonsa ya tafi, ba su da komai a hannu sai noman da suka daɗe suna yi. Ya saurara tsaf, ya ci soyayyen kifinsu. Ranar shiga kotu suka hange shi cikin baƙar riga, tsaye a ɓangaren attajirin. Duk inda suka ce masa suna da rauni, nan ya danna. Fadama ta tafi.

Malam Ɗantani ya kai kuka gaban kwamiti, Yaya ya ce lallai a zauna a kai. Daga nan jan ƙafa ya fara. Yau shugaban kwamiti ya yi tafiya, gobe mutane ba su cika ba, jibi lauyan ba shi da lafiya, alhali an gan shi a wurin ɗaurin aure. Tsoho kuwa duk kiran da aka yi sai ya hau kwalekwale, ya hau mota har Birnin Kebbi, a ce masa a yi haƙuri. Bai gaji ba. Da mutanen lauyan suka ga bai gaji ba, sai suka sake dabara.

Gidanmu suka fara zuwa. Gwaggon lauyan ta zo da mata, suka zauna a ɗakin Inna, ina nan. Da suka tafi Inna ta sa aka kira Yaya.

"Sahabi, mi yaron ga yai maka? An ce kai ka son a tuɓe mai riga. Ɗiyanai hwa?"

"Inna, ba ni yai ma ba. Mutanen da yac ci amanarsu su ma suna da ɗiya."

"To kai ɗai ad da gaskiya cikin garin ga?"

Ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba. Na san abin ya ci shi, don bai taɓa musu da Inna ba sai ranar.

Sannan suka nufi tunga: manyan lauyoyi, da limami, da wasu dattawan gari, da goro. Suka cire takalma suka zauna a kan tabarmar Malam Ɗantani, suka ce sun zo roƙon arziki. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi. Mutanen da suka girme ka, suka fi ka, su tsallako ruwa su zauna a tabarmarka, ina ka ga bakin cewa a'a? Ya ce ya bar wa Allah. Aka shafa fatiha. A zama na gaba aka ce babu mai ƙara, don haka babu ƙara. Zaman da aka yi ta kasa haɗawa, ranar kowa ya zo da wuri.

Yaya ya dawo ya cika fam. Ya ce tsoho na iya yafe abin da aka yi masa, amma laifin da aka yi wa aikin lauya, wa ya ba kwamiti izinin yafe shi? Ya ce sun ji da kunnensu, sun san an yi, me zai hana su tura? Aka ce masa ƙa'ida ce. Aka fara ce masa mai taurin kai, aka daina kiransa zama, daga baya aka sake kwamiti babu sunansa.

Da zai leƙo yau, zai ga lauyoyi sun yi yawa, har 'yan mata na sa rigar. An ce yanzu hanyar kai koke ta fi sauƙi, ban musa ba. Amma na san tambayar da zai yi: in masunci ya kai ƙara, wa ke tsaya masa ranar da aka zo da goro? Tsarin da ya rataya kacokan a wuyan mai ƙara, a garin da ƙin karɓar roƙon manya abin kunya ne, mai ƙarfi kaɗai yake karewa. Wannan ne ke ƙona mini rai, ba haƙurin tsohon ba.

Me ya rage na Yaya? Bai ci nasara ba, ba a ladabtar da kowa ba. Abin da na sani, yaran da suka koyi aiki a hannunsa har yau ba sa barin mutum ya buɗe baki sai sun ji sunan abokin shari'arsa, in suna da alaƙa da shi su sallame shi tun bai faɗi sirrinsa ba. Kaɗan ne, amma nasa ne.

Bara na haɗu da ɗan Malam Ɗantani a kasuwar Yelwa. Ya ce yanzu ƙodago suke yi a fadamar, ana biyansu su cire albasa. Ya ce mahaifinsa har ya rasu yana sa wa Yaya albarka, kuma abu ɗaya ya yi ta maimaitawa a ciwon ajalinsa.

"Cewa ya kai, 'Lauyan ga na Yelwa ya hi ni gaskiya. Na yahe abin da ba nawa ni ɗai ba, ban ko tambayi masu shi ba.'"

Allah ya jiƙan su duka biyun.