Mamudu ba rago ba ne

Ina cikin wanke babur da safen nan ƙanena ya leƙo ya ce Mamudu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu bokitin na nan inda na bar shi.

Ga wanda bai san shi ba, Mamudu abokina ne, ɗan layinmu a nan unguwar New Bell, mai ɗaura katakon da magina ke takawa a shantiye, wato wurin gini. A sana'arsu, wanda ya ɗaura shi ke fara hawa har ƙoli, ya yi tsalle a kai kafin kowa ya taka. Mamudu da waƙa yake nasa tsallen.

Sai ƙafafu suka fara ƙin ɗaukarsa. Ranar da ya kasa hawa a wani gini a Bonamoussadi, patron, shugabansu a wurin aikin, ya ce wanda bai yarda da ɗaurinsa ba ya tafi gida. Wasunku da ke rubuta "ashiya" yau don ta'aziyya, ku kuka laƙaba masa Rago. Ina ganinku, ban manta ba.

Ragon nan ne, da rikici ya koro mutane daga Bamenda, ya bar wa wata mata da 'ya'yanta ɗakinsa, ya koma zaure da tabarma. Wayar da nake rubutun nan da ita ma tasa ce. Miƙo mini ya yi ya ce, "Karɓi ka riƙa karatu, ko kunnenmu ya huta."

Da ita na bi sunan ciwon da likita ya faɗa, da Faransancina na tsince-tsince. Akwai wani furotin a cikin tsoka, desmin, aikinsa ya ɗaure zaruruwanta da juna don kada su watse in ta motsa. Nasa da tangarɗa ya zo duniya. Kuma zuciya ma tsoka ce. Ina ta kame-kame wajen bayani ya katse ni: "Wato katako lafiya lau, ɗauri ne ya kwance. Na gane."

Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Ganina da shi na ƙarshe ran Juma'a ne. Ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Ƙanensa Iliyasu, wanda yanzu shi ke hawa katakon, ya zo tashi daga tabarma sai da ya dafa gwiwa. Mamudu ya bi shi da ido har ya fita.

"Haka nawa ya fara," in ji shi. "Likita ya ce abin na bin jini, a kawo 'yan'uwa a duba zuciyarsu. Inna ta ce jifa ne daga shantiye, asibiti ba ta ganin jifa. Ka kai shi, ɗan'uwa, ko da faɗa ne. Bakin nan naka ya yi amfani ko sau ɗaya."

Bayan jana'iza na shiga wajen mahaifiyarsa da maganganu cike da baki. Na durƙusa zan fara. Ita ta kama hannuna ta ce a hankali, "Na ga yadda Iliyasu ke tashi, tun bara. Tsoro nake ji su faɗa mini."

Ni da ba a kayar da ni a gardama, kuka na yi.

Na ce Inna, ni zan ɗauke shi a babur, ke ki bi mu da addu'a. Ba ta ce to ba, amma ba ta hana ba.

Iliyasu, na san kana karantawa. Kafin likita ya ji zuciyar nan, kada ƙafarka ta sake taka katako. In patron na da magana, ka turo shi wajena.

Allah Ya jiƙan Mamudu, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ya ba Inna haƙuri. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a, ya kuma roƙa wa Iliyasu sakamako mai sauƙi.