Hanyar da Ba Ta Bi ta Kurfi

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni. Baba yana da maƙerarsa a Kurfi, Yaya kuma ya buɗe shagon walda a Dutsin-Ma yana haɗa garmar shanu. Ni ce macen da aka tura karatun kwamfuta, Yaya kuwa bai gaji da tsokanata ba, wai ni ma maƙeriya ce, sai dai ƙarfena ba ya zafi.

Bakin garma sai ya bi aiki shida kafin ya taɓa ƙasa: yanka, huda, lanƙwasa, gashi, walda da fenti. Gashi shi ne rabon Baba. Zai sa ƙarfen a wuta har ya kai wani irin ja da ido kaɗai ke ganewa, sannan ya tsoma shi a ruwa don ya yi tauri. Saboda wannan aiki ɗaya ake ɗora kayan a babur zuwa Kurfi, su kwana biyu su dawo.

Shekarar da wata ƙungiyar manoma ta nemi garma arba'in kafin saukar ruwan farko, Yaya ya rikice. Ya same ni a shagon buga takardu inda nake aiki, ya ce tunda kullum ina cika baki da kwamfuta, to ta faɗa masa ta inda aikin zai bi ya fi sauri.

Na zauna gaban tsohuwar kwamfutar tebur ta shagon, na buɗe rumbun bayanai. Na zuba ayyukan shida a teburi ɗaya, wato jadawali, masu iya kowane aiki da garin da suke a wani teburin, na ce ta jero duk yadda za a iya bi da su. Ta zubo mini jeri ɗari bakwai da ashirin, har da wanda za a shafa fenti kafin a yanka ƙarfe. Kwamfuta ba ta da kunya. Sai na shiga gindaya mata sharuɗɗa: ba a huda bayan gashi, don ƙarfen ya riga ya yi tauri, ba a fenti kafin walda. Jerin ya yi ta zubewa har ya dawo 'yan layuka.

Nan na ga abin da ban so gani ba. Akwai wani maƙeri a Dutsin-Ma, bayan kasuwa, da Yaya ya ce in saka sunansa cikin masu gashi. Duk hanyoyin da suka hau sama ta wurinsa suka bi. Na Kurfi suna can ƙasa.

Ni da Yaya mun san idon Baba ya fara yana. Mun san a damunar da ta wuce manoma biyu daga Barkiya sun dawo da bakin garma a tsage. Babu wanda ya ɗaga maganar, an bar kaza cikin gashinta. Amma takarda ba ta san kara ba, kuma na san ranar da Yaya ya riƙe ta a hannu, wutar Baba ta mutu. Raina ya ɓaci, da kwamfutar, da Yaya, da kaina. Sai na ƙara sharaɗi ɗaya da ba na ƙarfe ba: gashi sai a Kurfi. Na buga, hanyoyi huɗu suka fito, kowace ta bi ta kan Baba.

Yaya ya duba ya miƙo mini takardar. Ina jin shi ma sauƙi ya samu. Ranar Juma'a muka tafi Kurfi tare, muka sami Baba a bakin maƙera, ya ce in karanta masa abin da injin ya ce. Na karanta duka huɗun, yana kaɗa kai.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan, Baba."

"Injin nan naki, an ce mani duk hanyar da ke akwai yana hiddo ta. To ina wadda ba ta biyo ta nan ba?"

Na ce babu. Ya juyo da fuskarsa wajena, idon nan fari-fari.

"Ke, ɗiyar nan, ni za ki yi ma wayo? A yanka, a huda, a lanƙwasa, a kai ma yaron nan na bayan kasuwa shi gasa, a dawo a yi walda, duk cikin yini guda. Wagga hanya ko makaho ya san da ita. In injin bai gan ta ba, rufe mashi ido anka yi."

Yaya ya fara cewa ai hannun Baba daban ne. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Hannun na nan. Jan ne ban gani. Mutum shi baro Barkiya da shanunai, garma ta tsage mashi tsakar gona ranar da ƙasa ta jiƙa, ku ce don kuna jin kunyata? Ki je ki buɗe mashi ido."

Kuka ya taso mini, na haɗiye, don Baba ba ya son a yi masa kuka a bakin maƙera.

Washegari na cire sharaɗin. Layin farko da ya fito shi ne wanda Baba ya faɗa, aiki bayan aiki, ko ɗaya bai sauya ba. Da ita Yaya ya yi garma arba'in ɗin, aka kwashe su kafin ruwa. Sunan Baba kuwa na bar shi cikin teburin masu gashi, na kasa gogewa, yana nan har yau a ƙasan jeri.

Bayan kaka na je Kurfi. Murhun maƙerar ya yi sanyi, kaji na tono a tokar. Baba yana zaune a inda ya saba. Bayan mun gaisa ya ce, "Cikin arba'in ɗin nan, an maido ko guda?"

Na ce, "Ko guda, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya laluba gefensa ya ɗauko awartakinsa, wanda ya gada wurin nasa uban, ya miƙo mini ya ce in kai wa yaron nan na bayan kasuwa.