Kilo Huɗu na Yaya Rakiya

Wata Asabar ce cikin bazarar 1985, shekarar da kogin Yamai ya janye har mutanen unguwar Harobanda suka riƙa tsallakowa da ƙafa. Ina da shekara goma, ina tsaye riƙe da takalman yayata Rakiya a zauren da suke koyon judo. Ta hau sikeli. Malaminsu, wani tsohon soja da kowa ke kira Metir, ya duƙa ya dubi allurar, ya sa ta sauka ta sake hawa. Sai ya ce a hankali, "Rakiya, ina kika kai kilo huɗu?" Ni na san inda suka tafi.

A unguwar Gamkalley muke zaune. Babanmu ɗan Damagaram ne, akawu a wani ofishin gwamnati. Yaya Rakiya ta fara judo tun tana lakwal, wato makarantar boko, maƙwabta suna ta surutu, wai 'ya mace da kokawa. Baba ya ce tunda da riga da wando ake yi, a bar ta. Da safe mu ɗebo ruwa mu ba garkar albasar Inna, da maraice ta shimfiɗa buhuna a tsakar gida ta koya mini faɗuwa. "Koyi faɗuwa tukuna," take cewa, "kayarwa na nan tafe." Ta kayar da duk 'yan matan ajin nauyinta, har aka zaɓe ta cikin waɗanda za su wakilci ƙasa a wata gasa a waje. An yi mata fasfo. Inna ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a ƙasan akwati.

Sai fari ya koro mana dangi daga ƙauye, shanunsu sun mutu. Gidan mutum bakwai ya koma na ashirin da wani abu. Jar dawar taimako sojoji ke rabawa, a bi layi tun asuba, ba mai ɗaga murya ko da mudun bai cika ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Ni da Yaya kwano ɗaya muke ci. Takan yi loma uku ta tsame hannu, ta ce ai Metir ya hana su cika ciki. Na san ƙarya take yi, don ina jin kukan cikinta in muna ban ruwa. Amma yunwa nake ji. Na riƙa sunkuyar da kai ina cinyewa, har in suɗe kwanon. Wata uku muna haka.

A judo kowa da ajin nauyinsa, kuma ramar da ta yi ta sauko da ita ajin ƙasa. Wannan ajin kuwa da mai shi: Hamsatu, wata Bazabarma, ƙawarta ta ƙut da ƙut. Mutum ɗaya za a ɗauka. Metir ya ce ba yadda zai yi, sai su kara. Suka rusuna wa juna, Hamsatu na hawaye tun kafin a fara. Yaya ta kama wuyan rigarta, ta juya kamar yadda ta saba, ta ɗora ta a ƙugu. Ƙafafunta suka ƙi ɗauka. Na ga gwiwarta ta lanƙwashe, Hamsatu ta danne ta har lokaci ya cika.

A hanyar gida na fashe da kuka, na ce, "Yaya, ni na cinye miki." Ta tsaya ta riƙe haɓata. "Ke, rufe mini baki. Ni na ba ki. Kada ki kuskura Inna ta ji." Ranar da jirgin su Hamsatu ya tashi Yaya tana garka tana cirar ciyawa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ba ta sake komawa zauren ba. Daga baya ta zama malamar lakwal a Maraɗi, can ta rasu wajen haihuwarta ta uku, ba ta taɓa fita daga ƙasar nan ba.

Yanzu jikokina na kallon gasar judo ta duniya a waya, maza da mata, kowane aji da zakaransa. Sun ce wasu 'yan wasan da gangan suke ƙin abinci don su rage nauyi, likita na biye da su. Jikokin nan sukan bar rabin shinkafarsu a faranti su tashi, in tattara. Inna ma ta rasu ban gaya mata ba. Yau shekaruna sun ninka na Yaya, kuma har yanzu ban iya cin abinci kwano ɗaya da kowa.