Saje Uwaisu da Gaban Sahu

Tun da aka kafa 'yan doka a ƙasar Zazzau ba a yi mai tsoron Allah kamar Saje Uwaisu, shugaban 'yan dokan Ikara, ba. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma da yake makullin gadurum, ɗakin tsare masu laifi, yana aljihunsa, ba a samu mai musu ba.

A Makarfi aka haife shi, can ya sauke Alƙur'ani yana shekara goma sha huɗu, wata bakwai kafin abokin karatunsa Maiwada. Wannan wata bakwai kullum yana bakinsa. Ya shiga aikin doka, ya auri Lantana, ta haifa masa tagwaye, Hassana da Huseina, waɗanda shi yake biya musu karatu kowace safiya kafin fareti. Bai taɓa cin ko ƙwai na mai ƙara ba.

Abu ɗaya yake so a duniya: ranar da Liman Ya'u na masallacin unguwarsu ya yi tafiya, a ce shi zai ja salla. Amma kullum Maiwada ake turawa gaba, wanda shi ma ya dawo Ikara yana ɗinkin hula a bakin kasuwa.

Saje ya je ya durƙusa gaban Liman ya tambayi dalili.

"Allah gafarta Malam, karatuna ne bai yi ba?"

"Karatunka ya fi nawa, Saje. Amma ka san ba a so mutum ya ja waɗanda ba sa son binsa. Duba sahun nan. Wa ya rage ba ka taɓa kwanar da shi a gadurum ba?"

Saje ya duba a ransa. Maiwada ne kaɗai.

Daga ranar ya sa wa Maiwada ido. Shekara goma sha ɗaya yana neman laifinsa, abin da ya samu kawai akuyarsa ce da ta shiga filin awon auduga. Ya kama akuyar, ta kwana biyu a tsare.

Lantana ta ce, "Baban tagwaye, ita ma limanci take nema?"

"Aikin hukuma ne, ba ruwanki."

"To hukuma ta kawo dusa, don tawa ta ƙare."

Sai ya ƙudura cewa kaki ne ya tare masa hanya, in ya tuɓe shi jama'a za su huce. Ya yi haƙuri har shekara ashirin da shida, yana fareti, yana bin ɓarayin shanu a ƙafa daga Saulawa har Likoro, gwiwoyinsa suna ƙarewa a hankali.

Ya yi ritaya, jama'a kuwa suka huce. Da Liman ya tafi ta'aziyya Kudan, Maiwada da kansa ya ja baya, ya ce, "Bismillah, Saje. Ai ka riga ni sauka."

Saje ya gode masa, bai tashi ba. Tun damina yake salla a zaune, kuma ya fi kowa sanin cewa na zaune ba ya jan na tsaye. Ya ƙara shekara tara a duniya, duk Maiwada yake bi.