Awon Hannun Ɗanlami

Wutar da muke zama a gabanta muna yara ba ta jin ɗumi ba ce, wutar banda ce. Kakarmu, wadda muke kira Iya, sana'arta ke nan. Takan sayi tarwaɗa da karfasa a hannun masunta a bakin kogin Challawa, ta lanƙwasa su, ta jera a kan waya, ta sa musu hayaƙi. Banda ba ta son gaggawa, ba ta kuma son a ba ta baya, saboda haka bayan isha'i Iya takan zauna a kujera 'yar tsugunno da tsinken juya kifi a hannu, ni da ƙanena Ɗanlami mu raɓe a gefenta. Ita ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu. A lokacin, inda masana'antu suke yanzu gonakin dawa ne, ruwan kogin kuma ana sha.

Na zauna a ƙasashe da dama daga baya. Na ji masu ba da labari da kiɗa a Dakar, na ji tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa suna zuba ƙarya da harshe uku a lokaci guda. Ban haɗu da wanda ya iya tsayawa a tsakiyar magana ya juya kifi, ya bar ka da baki buɗe, kamar Iya ba.

"Kai angona, matsa can," takan ce da ni. "Miji ba cefane, sai tare wuta."

Ni kuma in nuna Ɗanlami in ce, "Ai ga ƙaramin mijin nan, shi ya yi cefanen."

"Wannan? Wannan ko kuka ba ya yi da ƙarfi, balle ciniki. To ku yi shiru. Ga ta nan, ta fito daga ruwa a jiƙe."

Mu kuma mu ce, "Ta zo ta sha ɗumi mu ji ta."

Akwai tatsuniyar da ta fi zauna mini. Wasu masunta ne, wa da ƙane. Wan dogo ne, gwanin aikin hannu, yana zaune a wannan gaɓa. Ƙanen gajere ne, ya yi aure a tsallake. Wata rana wan ya sari gora mai kyau, ya gasa ta ya miƙar, ya ce zai yi wa ƙanensa sandar fatsa irin wadda ba a taɓa gani ba. Da ya zo ɗaura mariƙi, wato ɗanyar fatar da ake naɗawa inda hannu zai kama, wadda in ta bushe sai dai wuƙa, ya kamata ya auna da hannun mai sandar. Ya dubi kogi ya ga ya cika. Ya ce, "Ai nono ɗaya muka sha." Ya auna da nasa.

Ƙanen ya karɓi kyauta ya ga mariƙin ya yi masa nisa. In ya tokare gindin sandar a cikinsa, sai ya yi ɗage kafin ya kama. Godiya kawai ya yi ta yi. Ranar da giwan ruwa ya haɗiye ƙugiyarsa, yana tsaye a miƙe, ba shi da ta inda zai ja. Mutane a gaɓa suna ta ihu, "Saki! Saki!" Ya ce, "Ta Yayana ce." Ruwa ya rufe a kansa.

"Ƙurunƙus kan tarwaɗa," in ji Iya.

Na ce, "Wawa ne. Da ni ne, sakewa zan yi."

Ɗanlami kuwa ya ce, "Iya, shi wan an gaya masa dalili?"

"Wa zai gaya masa? Mai faɗar yana ƙasan ruwa." Ta ɓare kifi ɗaya da ya ƙone ta raba mana.

Na bar gida ina saurayi. Na yi dako a tashar jirgin ruwa a Legas, na shiga jirgin kamun kifi, na faɗa Abidjan, daga nan Dakar. A can na koyi haɗa sandar fatsa irin ta zamani a wurin wani tsoho ɗan Fotugal, muna magana da gurgun Faransancinsa da nawa. Sandar ba gora ba ce, wata aba ce mara nauyi mai rami a ciki. Tana da kwarkwaro, ɗan injin da ake juyawa ya naɗe zare. Kwarkwaron kuma yana da mazauni, wani ɗan bututu mai zobe biyu da ke danne ƙafarsa. Za ka zura mazaunin a jikin sandar, ka naɗa salatif a wuri uku don ya cike giɓi, ka kwaɓa gam mai haɗi biyu ka shafa, ka murza shi ya zauna daidai da zobban da zare zai bi, ka bar shi ya kwana. Bayan nan babu gyara sai da zarto. Nisan da ke tsakanin gindin sanda da mazauni kuwa awon hannun mai ita ne, daga gwiwar hannu zuwa tafi. Wasu da tef suke aunawa, wasu da igiya, amma tsohon nan ba ya buɗe gam sai mai sanda ya zo ya riƙe ta a gabansa. Ranar da na fara ganin haka na yi dariya, na ce masa kakata ta riga shi.

Ɗanlami bai je ko'ina ba. Da gonaki suka zama kamfanoni ya shiga wata masana'antar jima a Challawa, daga baya ya koma gadi a wani kamfanin roba a Sharada. Ban tambayi dalilin canjin ba. Da wasiƙa muke gaisawa, sannan aka samu waya. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Yaya, sai kewa."

Da na yanke shawarar dawowa gida gaba ɗaya, na ce zan zo masa da abin da na fi iyawa. Wata biyu na yi a kan sandar. Na rubuta sunansa a jikinta da ajami. Da na zo sa mazauni, wayata tana aljihu, amma ban kira shi ba. Na ɗora sandar a hannuna na yi alama, na shafa gam.

A gidansa na Zawaciki ya tarye ni a zaure. Ya miƙo mini hannun hagu.

"Afuwan, Yaya. Na daman ya riga ni yin ritaya."

Ya janye hannun rigarsa. Injin matse fata ne ya kama shi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Gwiwar hannun ta ƙage a lanƙwashe, yatsu biyu suka rage. Shi ya hana kowa gaya mini.

"Don me, Ɗanlami?"

"Me za ka yi daga can, ban da rashin barci?"

Bai bar ni na ɓoye sandar ba. Ya kwance ta da kansa, ya karanta sunansa, ya yi ta sa albarka. Ya tokare gindinta a cikinsa, ya riƙe da hagu, ya kai na dama zai juya kwarkwaro. Saura taƙi guda hannun ya tsaya.

Na ce, "Kawo. Zan yanke mazaunin in sa wani a kusa."

"Ka sa zarto a wannan aikin? Haba Yaya, ko maƙiyinka ba zai yi ba. Kuma kifin ma yana ina? Zo ka ga kogin naka."

Muka je da la'asar. Ruwan ya yi baƙi, kumfa tana tafiya a kansa, warin ya riga mu isa gaɓa. Na ga koguna da suka mutu a wasu ƙasashe, amma ban sha ruwansu ina yaro ba. Ɗanlami ya yi tari ya ce in damina ta wuce mu tafi madatsar ruwan Tiga, can har yanzu ana samu. Na ce to, amma sai na gyara. Na auna hannunsa da zare, yana ta tsokanata wai na zama tela. Na aika Legas a nemo mini sabon mazauni. Ya ce in bar masa sandar kafin ya iso, yana son ya riƙa kallonta.

Tarin nan ashe ba na ranar ba ne. Bai ga ƙarshen damina ba.

Bayan an share makoki matarsa Saude ta fito mini da sandar a naɗe cikin zane. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya Habu, akwai abin da ya ce kada in faɗa, amma yanzu ba ya nan. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna da ita a tsakar gida, ya shafa man zafi a gwiwar, ya yi ta miƙa hannun har gumi ya keto masa. Wai so yake kafin kayan su iso ya kai, don kada ku yanke aikinku."

Na ce, "Ya kai?"

"Saura faɗin yatsa biyu."

Shekara da shekaru ina ɗauka tatsuniyar Iya a kan malalacin wan take, wanda ya ƙi tsallake kogi. Wani lokaci in ce a'a, a kan ƙanen take, da kunyar da ta kashe shi. Yanzu da na kai shekarun Iya, ina ganin ba laifi take rabawa ba. Gaya mana take yi cewa mutum biyu suna iya ƙaunar juna iyakar ƙauna, ɗaya bai tambaya ba, ɗaya bai faɗa ba, kowa yana ganin ya sauƙaƙa wa ɗan'uwansa. Na san tatsuniyar, na san sana'ar, na iya tambayar lafiya da harshe biyar. Ban taɓa ce wa ƙanena ya gaya mini gaskiya ba.

Sabon mazaunin ya iso sati uku bayan jana'iza. Yana nan a ledarsa. Sau biyu ina ɗauko zarto ina mayarwa. In na yanke, na yi abin da ya sha azaba don kada in yi. In na bari, sandar da ke ɗauke da sunansa ta tabbata a kan awon hannuna.